Mutum Nawa Za Ku Tambaya?

 Babi na uku na kundin kammala digirinku nake so mu tsaya a kansa, inda kowa ke rubuta adadin mutanen da zai raba wa takardar tambayoyi. Da yawanku sukan kwafo lambar daga kundin wanda ya gama bara, wasu kuma su ce kashi goma cikin ɗari, don haka suka ji ana faɗa. Abin yana damuna ƙwarai, domin lissafin bai kai wuyar da za a guje masa ba.

A ce makaranta ce mai ɗalibai 1,000, ana so a san kashi nawa ne ke kwana cikin gidan sauro. Kafin ku taɓa kalkuleta, ku yanke wa kanku hukunci: kuskure nawa za ku iya jurewa? In kun yarda amsarku ta kauce da maki 5, sama ko ƙasa, kuma kuna neman tabbacin kashi 95 cikin ɗari, to ga hanyar da William Cochran ya shimfiɗa a littafinsa na 1953. A ninka 1.96 (lambar tabbacin kashi 95) da kanta, a ninka da 0.25, sannan a raba da 0.0025 (wato maki 5, ko 0.05, an ninka da kanta). Za a sami 384 da 'yar ɗoriya. Ita 0.25 ɗin rabi ne aka ninka da rabi, domin wanda bai san yadda jama'a suka rabu ba yakan ɗauka rabi da rabi ne, kuma a nan ne ake buƙatar mutane mafi yawa. Da wani sahihin bincike ya riga ya nuna cewa abin bai wuce kashi 10 ba, da 139 sun wadatar.

Amma 384 ta jama'ar da ba ta da iyaka ce. Makarantarku kuwa tana da rajista, an san kowa da sunansa, kuma duk wanda kuka tambaya ya ragu daga cikin waɗanda ba ku san amsarsu ba. Shi ya sa ake rangwame. Ku raba 383 da 1,000, ku ƙara ɗaya, sai ku raba 384 da abin da ya fito. Ɗalibai 278 ke nan. Ku duba jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, haka za ku tarar: mutum 80 cikin 100, 278 cikin 1,000, 370 cikin 10,000, ko da jama'ar ta kai miliyan ba a wuce 384 ba. Kun ga inda zancen kashi goma ya ɓace. A unguwa mai mutum 100 zai sa ku tsaya a kan 10 alhali 80 ake so, a birni mai miliyan kuma ya jefa ku cikin wahalar neman dubu ɗari.

Na san lissafin Taro Yamane ne abokin kowa a jami'o'inmu, kuma ba ni da faɗa da shi. Ga ɗalibai 1,000 zai ba ku 286. Ku dai sani cewa a cikinsa an riga an ɗauka rabi da rabi ne, an kuma cike 1.96 ta zama 2. In cutar da ke kama mutum 2 cikin ɗari kuke bincike, kuskuren maki 5 ya fi abin da kuke aunawa girma, sakamakon ba zai amfani kowa ba. Rage kuskure kuma tsada gare shi: a babbar jama'a, saukowa daga maki 5 zuwa biyu da rabi yana ninka mutanen sau huɗu, su kai 1,537.

Sai abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina, wato su wa kuka tambaya. Uwargida ba ta shanye tukunya don ta ji gishirin miya, cokali ɗaya ya ishe ta, amma sai ta motsa tukuna. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta ce Landon zai lashe zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ne ya ci da gagarumin rinjaye. Sunayen da mujallar ta aika wa takarda sun fito ne daga irin su littafin masu tarho da rajistar masu mota, kuma mafi yawansu ba su ma mayar da amsa ba. In kuka tsaya a bakin ɗakin karatu kuka cika 278 ɗinku da abokai da masu sakin fuska, kun bi sawun mujallar nan. Ku karɓo rajista, ku ba kowane suna lamba, ku jefa ƙuri'a, sannan ku bi wanda ƙuri'ar ta faɗa a kansa ko da sai kun koma sau uku.

Wasu ba za su dawo da takarda ba, wannan tilas ne. In kuna tsammanin takwas cikin goma ne za su amsa, ku raba takardu 348. Don Allah ku rubuta duk wannan a babi na uku filla-filla: kuskuren da kuka yarda da shi, dalilin zaɓensa, yadda kuka fitar da sunaye, da yawan waɗanda suka ƙi amsawa.