Yadda Ake Zaɓen Asibitin Haihuwa a Ciki na Biyu a Kilomita Biyar

Bisa ga al'adarmu, mace idan ta ɗauki cikin fari iyayenta ne ke yi mata tunani, su ɗauke ta goyon ciki, su zaɓa mata inda za ta sauka, ita kuwa kunya ba ta barinta ta ce uffan. Amma idan Allah ya kawo na biyu, sai a ce ai ta san hanya, a bar ta a ɗakinta da yaro a hannu, alhali kuwa a wannan ƙasa ta Afirka ta Tsakiya, wadda ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mata sama da 800 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, babu cikin da ya cancanci a yi masa sakaci. Saboda haka na ga ya wajaba in bayyana wa 'yan'uwana mazauna unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi yadda ake wannan zaɓe tun da sauran lokaci.

Farkon abin yi shi ne a kira haihuwar fari ta ba da shaida. Matar ta zauna da mijinta da mahaifiyarta, ko wadda ta raka ta a wancan karo, a ɗauko tsohon katin awo, a bi al'amarin filla-filla: awa nawa aka yi ana naƙuda, ko ƙafafu sun kumbura jini ya hau, ko ta yi jijjiga, ko mabiyiya ta yi gardama, ko jini ya ɓalle har aka yi mata ƙari, ko bakwaini aka haifa, ko kuwa tiyata aka yi aka ciro yaron. A nan ne hukunci yake rabuwa biyu. Wadda ta sauka lafiya, kuma awon yanzu bai nuna wata illa ba, ƙaramin gidan haihuwa na kusa, mai ƙwararrun ungozomomi, ya wadatar da ita. Amma wadda aka taɓa yi wa aiki, lalle ne ta haihu inda ɗakin tiyata yake buɗe dare da rana, domin tabon da ke jikin mahaifa yana iya tsagewa a tsakiyar naƙuda, musamman idan cikin ya shiga kafin a cika shekara biyu. Haka wadda ta yi jijjiga ko zubar jini, da wadda hoton ciki ya nuna tagwaye ko yaro a gicciye. A ganina wannan wajibi ne, ba mustahabbi ba, kuma miji ko suruka ba su da hujjar sassauta shi don gudun ɗawainiya.

Bayan haka sai a dubi abin da ke akwai. A cikin unguwa an san cibiyar lafiya ta Mamadu Mbaiki da gidan haihuwa na Gbaya Dombiya, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta tallafa a shekarun fitina, lokacin da fita daga unguwa ya zama sai da kasada. A kusa kuma ga na Kasto, wanda ya daɗe yana karɓar haihuwa mai wuya, kafin ƙungiyar ta buɗe sashen haihuwa da na jarirai a babban asibitin Kominote a 2022. Akwai kuma asibitin Amitiye da 'yan Sin suka gina. To, suna ba ya karɓar haihuwa, kuma tallafi yana zuwa yana tafiya, don haka sai mutum ya taka da ƙafarsa, ya tambayi ungozoma da ladabi, da Sango ko Faransanci, ko ya tafi da mai yi masa tafinta: wa ke kwana a bakin aiki, ana samun jini a nan ko sai an nemo, akwai janareta idan wuta ta ɗauke, akwai kwalbar jarirai, idan abu ya gagara ina ake turawa, kuma da wace mota? Ya tambayi kuɗi ma, domin ko da yake hukuma ta yi dokar kula da masu ciki kyauta, hankali ya ce a ajiye 'yan sefa saboda magani da abin hawa. Wadda take son mace ce za ta duba ta, ta faɗa tun ranar farko. Sai dai malamanmu sun yi bayani cewa larura tana halatta likita namiji, kada a tsaya jayayya rai yana cikin haɗari.

Sa'an nan a auna hanya, kuma da ma'aunin dare za a auna ta. Wanda ya zauna a nan a shekarun fitina, daga 2013 zuwa ranar da Fafaroma Faransis ya shigo Babban Masallacin unguwar nan, 30 ga Nuwamba 2015, ya san yadda tazarar kilomita ɗaya take zama tafiyar yini. Yau an sami sauƙi, alhamdu lillahi, amma ruwan damina bai fasa cika lunguna ba, naƙuda ta biyu kuwa galibi ta fi ta fari sauri, jinin bayan haihuwa kuma yana iya halaka mace cikin awa biyu. Sai a yi magana da mai mota amintacce, a riƙe lambarsa da ta wani, a san wadda za a bar wa babban yaro, a kuma san rukunin jinin matar da 'yan'uwa biyu da suka yarda su bayar.

Idan an tsai da shawara, an yi istihara, sai a fara awo kafin wata uku su cika, a yi ƙoƙarin zuwa sau takwas kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha tun 2016, a karɓi allurar rigakafi da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin zazzaɓin sauro, a riƙa kwana cikin gidan sauro. Wadda aka ce a babban asibiti za ta haihu, ta kai katinta can ko sau ɗaya, don kada ta je musu baƙuwa da tsakar dare. Da wata na takwas ya kama sai a ɗaure kaya: zannuwa, kayan jariri, sabulu, fitila, da katin nan biyu, tsoho da sabo, a ajiye a bakin ƙofa. Bayan an sauka kuma, ko da dangi sun ƙagu a koma gida a ɗora ruwan wankan jego, a bari ta cika kwana ɗaya da yini a gaban ungozoma, a duba jininta da cibiyar jaririn, sa'an nan a sallame su.