Darasi: Sa'ad Da Ɗaurarre Ya Komo Gida

Dukanmu mun san masu ɗori na Aliero. In mutum ya karye, su kan daidaita ƙashin su ɗaure. Amma ɗaurin kaɗai ba ya mai da mutum kan ƙafarsa. Sai ya sami abinci da mai riƙe shi har ya koyi takawa. Haka kurkuku ya ke. Yana tsare mai laifi, amma ba ya sāke zuciya.

Dā gidajen yari suna hannun En'e, har 1968 da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. A 2019 aka yi doka, aka sa musu suna gidajen gyaran hali. Duk da haka yawancin na ciki jiran shari'a su ke yi. Manomin Maiyama da ya yi damina biyu a ɗaure ya kan tarar gonarsa ta zama saura, wataƙila matarsa ta koma gidansu. A kasuwar Jega ba mai ba shi amanar kaya. Masu yi masa maraba su ne abokan da ya yi a kurkuku.

To, me ke sa mutum ya bar laifi? A birnin Boston na Amurka an bi labarin yara 500 masu laifi tun wajen 1940. A 2003 malamai biyu, Laub da Sampson, suka buga abin da ya sami yaran nan har zuwa shekara 70. Kusan dukansu sun daina da suka manyanta, amma aure nagari da aiki tsayayye su ne suka fi juyo da su.

Mu tuna da Onisimus, bawan da ya gudu daga Filimon. Bulus ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa, ya kuma ɗauki bashinsa a kansa. Sabuwar zuciya daga wurin Ubangiji ta ke fitowa, amma fartanya da wurin zama a cikin Ekklesiya, mu ne za mu bayar. In muka rufe ƙofa, mun tura shi inda ya fito.

Tambayoyi:
1. Wa ke ziyartar iyalin ɗaurarre a cikinmu?
2. Wa zai ba shi aiki ran da ya fito?