Darasi: Ba Kowane Maganin Kifi Ne Ya Dace da Kifin Ci Ba

'Yan'uwa manoma, a cikin ƙungiyoyinmu na gama kai akwai waɗanda suka haƙa kududdufi, ko suka gina kwarmin siminti, suna kiwon tarwaɗa da karfasa. Wajen Jibiya kuwa madatsar ruwa ta sa mutane da yawa sun saba da sana'ar kifi. Amma kifi yakan yi ciwo kamar akuya ko kaza, sai mai shi ya ruga neman magani. Darasinmu na yau a kan wannan magani ne.

1. Kifi iri biyu, doka iri biyu

Akwai kifin ci, akwai kuma kifin ado. Kifin ado shi ne ja ko ruwan zinariya wanda masu hali ke sa wa cikin akwatin gilashi ko ɗan tafki a tsakar gida don kallo. Tun da ba mai cinsa, waɗansu ƙasashe sun sassauta dokar maganinsa. A Ingila ana sayar da irin wannan magani ba tare da cikakkiyar rajista ba, amma da sharaɗi: kada a ba dabbar da mutum zai ci. Saboda haka akan rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Matsalar ita ce, in kwalba ta yi tafiya mai nisa, ta wuce hannu goma, sai a juye ta a ƙullin leda, gargaɗin ya ɓata.

2. Magunguna biyu da za a guje wa

Na fari shi ne koren magani mai suna malakayit girin. Asalinsa rini ne na tufafi da fata da takarda. Yana kashe farin fumfunan da ke fitowa a jikin kifi, ga shi da araha. Amma yakan shige cikin tsokar kifi ya zauna watanni, ko da an canja ruwa, kuma masana suna zarginsa da jawo ciwon daji. Amurka ta hana amfani da shi ga kifin ci tun 1983, ƙasashen Turai su ma sun hana.

Na biyu shi ne kuloramfenikol, maganin mutane ne. Ga waɗansu mutane, ko ɗan kaɗan yana iya lalata ɓargon da ke yin jini. Tarayyar Turai ta hana ba da shi ga dabbobin ci a 1994.

3. Abin da dokar ƙasarmu ta ce

An kafa hukumar NAFDAC a 1993. Dokar wannan shekara ta ce ba za a yi magani, ko a shigo da shi, ko a sayar ba sai an yi masa rajista. Maganin dabbobi yana ciki. Wata doka ta 1999 ta hana tallar magani a kasuwa, da tashar mota, da cikin mota.

Hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta bi ta Jibiya da Magama, ta shiga Nijar ta Ɗan Isa. Kaya suna shiga suna fita, ta ƙofa da kuma ta ɓarauniyar hanya. An rufe iyakar a 2019, aka buɗe ta Jibiya a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sa'an nan Nijeriya ta buɗe nata gefen a 2024. Ku lura: ko ƙofa tana buɗe ko tana rufe, dokar magani ba ta sake ba. Maganin da aka yarda da shi a wata ƙasa, sai ya sami lambar NAFDAC kafin a sayar da shi a nan.

4. Abin da ƙungiya za ta yi

(a) Ku duba ruwa tukuna. Sau da yawa ruwa ne ya ɓaci saboda ragowar abinci ko cunkoso. In kifi yana hawowa sama da asuba yana haƙi, iska ce ta yi kaɗan. A rage abinci, a canja wani kashi na ruwan.

(b) Ku kira likitan dabbobi ko malamin kifi na gwamnati kafin ku sayi kome. Shi zai faɗi ciwon da awon magani, har da awon gishiri in shi ake bukata.

(c) Ku sayi magani tare, a shago mai lasisi. Ku duba lambar NAFDAC, da sunan kamfani, da ranar lalacewa. Abin da ba shi da suna, ku bar shi.

(d) Ku kiyaye kwanakin jira. A Amurka, in an ba tarwaɗa oksitetirasayikilin a cikin abinci, sai an jira kwana 21 kafin a kama ta. Ku bi abin da takardar maganinku ta ce.

(e) Magatakarda ya riƙe littafi: sunan magani, da ranar farawa, da ranar gamawa, da ranar da za a iya sayarwa.

Wanda ya sayi kifinmu ba ya ganin abin da ke cikin tsokarsa. Amana ce ya ba mu, shi da 'ya'yansa. Mu ma daga kududdufin nan ake yi mana miya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin taro

1. Wane magani ne membobinmu suka zuba wa kifi bara, kuma a ina suka saya?
2. Me ya sa maganin kifin ado bai dace da tarwaɗa ba?
3. In mai saye ya zo da kuɗi a hannu, amma kwanakin jira ba su cika ba, me za mu ce masa?
4. Wa za mu naɗa ya riƙe littafin magani?