Darasi na Wannan Wata: Raunin da Ido Ba Ya Gani

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21, Ayuba 2:11-13

Ya 'yan'uwa cikin Almasihu, ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce, mai masara da dawa da auduga. Amma duniya ta ji sunayen garuruwan nan ta wata hanya dabam. Ran 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta kimiyya a Kankara da dare, suka kora yara cikin daji. Ran 17 ga watan aka sako su, gwamnati ta ce su 344 ne. A watan Yuni na 2020 aka kashe mutane da yawa a Kadisau ta Faskari. A Fabrairu 2024 aka kwashe mata masu rakiyar amarya kusa da Damari ta Sabuwa. A Yuni 2024 kuma aka fāɗa wa 'Yargoje ta Kankara.

Mukan ƙirga waɗanda suka mutu, mukan yi murna da waɗanda suka komo. Amma akwai waɗanda jikinsu ya komo gida, hankalinsu bai kwanta ba tukuna. Yaran Kankara yau samari ne, iyayensu kuma ba su manta da kwanaki shidan nan ba. A kan irin waɗannan mutane darasinmu yake, Kirista ne ko Musulmi, gama wahalar ba ta zaɓi addini ba.

1. Wane irin ciwo ne wannan?

Allah ya yi jikin mutum da shirin tserewa. Sa'ad da hatsari ya zo, zuciya takan buga da sauri, numfashi ya ƙaru, barci ya gudu, domin mutum ya ceci ransa. Wannan kyauta ce. Ga yawancin mutane, in hatsarin ya wuce, jiki yakan huce a hankali cikin 'yan makonni. Amma ga waɗansu ba ya hucewa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ga alamun. Mutum ya ji ƙarar babur, sai gumi ya karyo masa. Yana mugun mafarki, ko kuwa abin ya komo masa da rana tsaka kamar yanzu ake yinsa. Ya ƙi bin hanyar gonar da aka kama shi. Yana fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani kuma ya yi shiru, ba ya jin daɗin kome, har ɗansa ba ya ba shi dariya. Da yawa sukan zo asibiti da ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko zafin ciki, a gwada jini ba a sami kome ba. Likitoci sun san wannan ciwo sarai. Ba hauka ba ne, ba kuwa alamar cewa mutum ya rasa bangaskiya ba ce.

2. Yadda Ubangiji ya yi da Iliya

Ku duba karatunmu. Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, ya ga wuta ta sauko. Duk da haka, da Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi ɗaya, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. In babban annabi ya kai ga haka, wane ne mu da za mu rena ɗan'uwa mai firgita?

Ku lura da yadda Ubangiji ya bi da shi, daki-daki. Da fari bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke ba shi abinci. Na biyu, a Horeb ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya faɗi kukansa. Sau biyu Iliya ya maimaita magana ɗaya, ba a kuwa katse shi ba. Na uku, ya gyara masa tunani. Iliya yana tsammani shi kaɗai ya ragu, Ubangiji ya nuna masa akwai mutum 7,000. Na huɗu, ya komar da shi bakin aiki. Na biyar, ya ba shi abokin tafiya, wato Elisha.

Abokan Ayuba kuma sun yi daidai sa'ad da suka zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa, nan suka ƙara masa ciwo.

3. Maganin da masana suka sani

Akwai magani na zama da magana, wanda ba kwaya ba ne, ba allura ba. Mai ciwo yakan zauna da wanda aka horar, mako-mako, su bi abin a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016, zama biyar, ɗaya kowane mako, wanda ko ba likita ba zai iya koyon bayarwa. An gwada shi a Pakistan da Kenya, ya taimaka. Abu huɗu ake koya wa mutum. Ya kwantar da jikinsa ta wurin jan numfashi a hankali. Ya rarraba damuwarsa, ya kama wadda za a iya warwarewa, ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ga aikin yau da kullum ko da ba ya so, gama zaman ɗaki yakan ƙara baƙin ciki. Ya kuma nemi mutanen da zai jingina da su. Ashe, ba kusan hanyar da aka bi da Iliya ke nan ba?

Wanda ciwonsa ya yi zurfi, masana sukan taimake shi ya faɗi labarin kaɗan kaɗan, a wuri mai lafiya, har tunawa ta daina girgiza jikinsa. Wannan aikin wanda ya koya ne. Kada mu tilasta wa kowa ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida tun bai shirya ba.

A ƙasarmu ma an daɗe da sanin amfanin dangi. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu ciwon hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, kowa tare da wani danginsa, maimakon a kulle su. A Janairu 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta tsare mutuncin mai ciwo. Akwai asibitocin wannan aiki a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. A fara da asibiti mafi kusa, a Kankara ko Funtuwa ko Malumfashi, a faɗa wa likita dukan abin da ya faru, ba ciwon kai kaɗai ba.

Yaushe za a tafi? In alamun sun wuce wata ɗaya ba sauƙi. In mutum ya kāsa aiki ko cin abinci. In ya shiga shan giya ko tramol domin ya manta. In kuwa yana zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga ɗakin, a kai shi a ranar. Kada a sayi kwayar barci a kasuwa, gama takan kama mutum. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Mai karyewar ƙafa mukan yi masa addu'a, mu kuma kai shi a ɗora.

4. A cikin gida

Nan ne raunin ya fi ɓuya. Miji ya sayar da shanu da gona ya biya fansa, ga bashi, ga kunyar cewa bai iya tsare iyalinsa ba, sai fushinsa ya sauka kan matar. Matar kuma ta komo daga daji, maƙwabta suna raɗa. Bari mu faɗi gaskiya a fili: macen da aka yi wa ƙarfi ba ta yi zunubi ba, ita aka yi wa zunubi. Ba ta cancanci horon Ekklisiya ba, ba ta kuwa cancanci saki ba. A hanzarta kai ta asibiti, gama maganin da ke tsare ta daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Ko kwanakin sun wuce, a kai ta a duba. Yaron da aka haifa ta wannan hanya ba shi da laifi. Miji ya tuna da Yusufu, wanda bai yarda ya kunyata Maryamu ba. In ta ƙi a taɓa ta, ya yi haƙuri, ba ƙiyayya ba ce, firgita ce.

5. Aikinmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa da Zumuntar Mata su zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon asiri, maza domin maza, mata domin mata, su riƙa ziyara. Ku je da tuwo kafin ku je da magana. Ku taya shi noma. Abin da kuka ji a ɗaki kada ya fita bakin rijiya, kada kuma ya zama roƙon addu'a da suna ran Lahadi. Kada ku ce, “Ka manta kawai.” Kada ku gaggauta shi ga gafartawa, Ruhu Mai Tsarki zai kai shi can a lokacinsa. Pasto kuma mutum ne, ya binne mutane da yawa, shi ma yana bukatar wanda zai saurare shi.

Tambayoyi

1. Me Ubangiji ya fara ba Iliya, don me?
2. A ina abokan Ayuba suka yi kuskure?
3. Waɗanne alamu ne za su sa mu kai mutum asibiti ba jinkiri?
4. Wane ne a Ekklisiyarku ya daina zuwa sujada tun bayan wahala? Wa zai je wurinsa wannan mako?

Addu'a

Ya Uba, kai da ka ciyar da bawanka a jeji, ka dubi mutanen Kankara da Faskari da Sabuwa. Ka ba masu firgita barci. Ka komo da waɗanda ke hannun mugaye. Ka ba mu kunnen saurare da bakin da ke riƙe asiri. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.