Taimakon Ƙasashen Waje Da Manomin Bagudo A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ƙasar Bagudo tana Jihar Kebbi, iyaka da Jumhuriyar Benin, watau Dahomey ta dā. Kogin Kwara ya ratsa ta, ya bar mata fadamu a wajajen Lolo da Illo, inda ake noman shinkafa damina da rani. Ta Tsamiya kuwa ake ƙetarawa zuwa Segbana. Jihar ta daɗe tana samun taimakon raya karkara daga waje. Ta shiga shirin asusun IFAD mai mazauni a birnin Rum, wanda aka soma a 2003, da kashi na biyu na Shirin Fadama na Bankin Duniya a 2004. To, yaya Shari'a take duban wannan?

Neman agaji daga wata ƙasa ba aibi ba ne. A shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwa ta faɗa wa Madina, Sayyidina Umar ya aika wa gwamnoninsa na wasu ƙasashe, suka turo ayarin abinci. Amma wannan na lalura ne. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutumin Madina da ya zo roƙo, sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sayar da 'yan kayansa dirhami 2, ya sa shi ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗaya. Bayan kwana 15 ya komo da dirhami 10. Injin ban ruwa da rijiyar burtsatse su ne gatarin manomin Illo, muddin sun kai hannunsa, har da matar da ke turara shinkafa a tsakar gida, wadda sau da yawa ba a tunawa da ita ranar rabo.

Sai dai yawancin kuɗin nan rance ne da gwamnati za ta biya. Malamai da dama sun halatta a karɓi ainihin abin da aka kashe wajen gudanar da rance, ba ƙari, kuma haka Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na Jidda yake yi, wanda Nijeriya ta shiga a 2005. Abin da ya wuce wannan riba ne. Wanda kuma ambaliyar 2020 ta cinye wa gona, Alƙur'ani ya yi umurni a jinkirta masa har ya sami hali.

Akwai wata ƙofa da fiƙihu ya buɗe wa manomi, ita ce salam: a biya shi kuɗi yanzu, ya kawo shinkafa da kaka, da sharaɗin a san irinta da awonta da lokacinta. A mazhabar Malik ba a jinkirta biyan kuɗin fiye da kwana 3, ajali kuma ba ya gaza kwana 15. Ba a ɗaure cinikin ga amfanin gona guda, domin ruwa yana iya shafe ta. Kuma ba a ba da abinci a karɓi abinci da jinkiri. Saboda haka jami'in da ya ba manomi buhun iri, ya ce da kaka ya kawo buhu biyu, ya faɗa riba ko da sunan shirinsa taimako. In rance ya ba shi, buhu guda zai karɓa.