'Yan Sane A Rumfar Abinci

Ba yunwa ke kai ɗan sane rumfar abinci ba. Da zarar manoman rani na Kura da Bunkure sun sayar da tumatir a Kano, to, kakarsa ta yanke saƙa.

Biyu-biyu suke aiki. A wata rumfa kusa da tashar Unguwa Uku na ga yadda ake yi. Ɗaya ya ture kofin ruwa a kan wani dattijo, yana ta "Yi haƙuri, Baba," yana goge masa riga. Ɗayan kuwa reza ce tsakanin yatsunsa. Sai mai abinci ta buga ludayi a tukunya, ta ce, "Alhaji, aljihunka!" Kafin a yunƙura sun ɓace.

Aljihu dai ya yanku, amma kuɗin tumatir suna cikin lalita, ɗaure a ƙugu.