Sarki Richard Mai Zuciyar Zaki: Tsakanin Tarihi da Adabi

Laƙabi abin nazari ne ga ɗalibin harshe, domin sau da yawa yakan daɗe a bakin jama'a bayan an manta ayyukan mai shi. Misali a nan shi ne Richard na Ɗaya, wanda ya mulki Ingila daga 1189 zuwa 1199. Da Faransanci ana masa laƙabi da Coeur de Lion, wato mai zuciyar zaki.

A wurin mutanen Ingila, Richard gwarzo ne. Tun 1860 mutum-mutuminsa yake a harabar majalisar dokoki a Landan, bisa doki, ya ɗaga takobi sama. Adabi ne ya fi gina masa wannan suna. A littafin Ivanhoe na Walter Scott (1819), sarki ya dawo gida a ɓoye don ya ceci ƙasa daga makircin ƙanensa John. Haka ma labarin Robin Hood, ɗan fashin nan mai taimakon talakawa: tsofaffin waƙoƙinsa wani sarki Edward suka ambata, sai a 1521 masanin tarihi John Major ya mayar da labarin zamanin Richard.

Tarihi kuwa bai yi masa wannan gata ba. A shekara goma na mulkinsa bai fi wata shida a Ingila ba, kuma Faransanci ne harshensa. Da aka kama shi a Ostiriya a 1192, yana dawowa daga Yaƙin Salibi na Uku, an yanka masa fansar mark 150,000 na azurfa, talakawa da coci-coci suka sha haraji. Da ya mutu, a Faransa aka binne shi.

Abin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne na birnin Akka. A watan Agusta 1191 ya sa aka kashe Musulmi fursunonin yaƙi kimanin 2,700, bisa hujjar cewa Salahuddin al-Ayyubi ya jinkirta cika sharuɗɗan sulhu. Ibn Shaddad, alƙalin rundunar Salahuddin, ya rubuta wannan labari, duk da bai musanta jarumtar Richard ba. Scott ya haɗa sarakunan biyu fuska da fuska a littafinsa The Talisman (1825), alhali ba su taɓa ganawa ba. Ta hannun manzanni da al-Adil, ɗan'uwan Salahuddin, suka riƙa magana.